Tiyon da Pak Su Bai Gitta Ba

"Ku ɗaga kansa mana! Wani ya buɗe tagar nan!"

Mek Esah ce ke faɗa, tana yi wa Pak Su Deraman fifita da murfin tukunya. Maza huɗu suka ɗauko shi daga wurin sassaƙar jirage, inda ya yanke jiki ya faɗi da hantsi. Shekara talatin suna maƙwabtaka a tsibirin Duyong, matakalarta na kallon tasa, ba ta taɓa ganin tsohon nan a kwance da rana ba. Yau ga shi baki ya karkace, numfashi kamar ana jan zarto. Tsoro ya kama ta.

Liman ya durƙusa yana laƙanta masa kalmar shahada. Ina! Tsoho sai fizge-fizge yake yi, idonsa a kan Mek Esah.

"Derus..." in ji shi da ƙyar.

Derus mijinta ne. Shi aka ba sabon jirgin ruwa mai tafiya da iska da Pak Su ya ƙera, ya kai wa mai shi can tsibirin Redang.

"Ya fita tun asuba, Pak Su. Ka bar zancen jirgi, ka ji da ranka."

"Tiyon ramin matuƙi... ban gitta ba."

Murfin ya suɓuce daga hannunta. Matar matuƙi ce, ba sai an yi mata fassara ba. Ramin da matuƙi ke tsayawa tiyo biyu ke zubar masa da ruwa. Shi Pak Su, tiyon dama yake fitarwa ta hagu, na hagu ta dama, don in iska ta kwantar da jirgi gefe guda, kada teku ta biyo tiyon ƙasa ta shigo. Sau nawa ta ji shi yana zagin ma'aikata a kan haka!

"Miƙe na sa su jiya, don wanki," ya ce, yawu na zuba. "Ko ɗaurewa ban yi ba. Na zo gyarawa... na tarar babu jirgi."

Kuma a Duyong, wa ya isa ya duba aikin Pak Su? Ai raini ne. Derus ko leƙawa ba zai yi ba.

Ta fizgi wayar wata mata ta kira shi. Sai ga ƙarar wayarsa daga ɗakinta, tsallaken matakala. Wannan mutum da mantuwa! Abu ɗaya ya rage mata: ya ce zai tsaya bakin kogi ya jira ruwa ya cika kafin ya shiga teku. Ta leƙa taga. Ruwa har ya rufe ƙafafun gadar katako, ganyen kwakwa kuma sai kaɗawa yake yi.

Ba takalmi ta ruga kwatar jirage. Mat Zin mai kwalekwalen inji yana zaune yana cin soyayyen kifi.

"A'a, Mek, wa ya biyo ki? Ko Derus ne ya yi sabuwa a Redang?"

"Ja injin nan, Zin, in ba gawa biyu kake son ɗauka yau ba!"

Nan take ya ja injin. Ruwa na dukan fuskarta, ita kuwa ba abin da take gani a ranta sai Derus tsaye cikin rami, teku na cin gwiwarsa. Da suka hango jirgin, ƙyallen da iska ke tura shi da shi ya riga ya hau rabi, hancinsa na fuskantar teku.

"Abang Derus! Sauke! Pak Su bai gitta ba! Bai ɗaure ba!"

Derus ya yi turus, sannan ya saki igiya ya faɗa can ƙasan jirgin. Da ya fito, hannun rigarsa sharkaf.

"Ɗaya har ya fara zamewa, Esah."

Nan ta zauna daɓas cikin kwalekwalen ta fashe da kuka.

Da ta koma, takalma sun cika gindin matakalar Pak Su. An riga an rufe shi da zane.

"Ya yi kalma," in ji Liman a hankali. "Amma har ƙarshe ƙofa yake kallo."

Ta durƙusa daidai kunnensa.

"Pak Su, na same shi. Ya sauke ƙyalle."

Ruwan gishiri na ɗiga daga gefen zaninta, yana bi ta tsagar katako, yana sauka ɗis, ɗis, a kan yashin ƙarƙashin gidan.