Sarkin Yaƙi Ba Ya Dakon Itace

Mu goma sha ɗaya ne a rundunar, kuma ba na jin kunyar faɗa, duk da furfura ta fara leƙo wa wasunmu. Gem ne na waya, wanda ake shiga ta intanet a haɗu da mutanen duniya ana yaƙar dodanni. Sunansa na Turanci dogo ne, harshe ba ya iya masa, don haka muke ce masa Kagara. Yawancinmu 'yan nan Rogo ne. Akwai biyu a Falgore, akwai ɗaya a Gwangwan da sai ya hau katangar makaranta yake samun netwok, sai Malam Yusha'u mai koyar da Turanci a firamare can garin Turawa, wanda shi ne ke karanta mana duk abin da gem ɗin ya rubuto. Ni ne Kamilu tela, kuma a bencin ƙofar shagona ake zama bayan la'asar.

Shugabanmu Badamasi ne, magatakarda a ofishin hakimi, ɗan dagaci jikan dagaci. Da mahaifinsa ya rasu kowa ya ɗauka shi za a naɗa, har ya kawo mini shadda na ɗinka masa babbar riga, sai rawani ya faɗa kan ƙanensa. A shekarar ya kafa rundunarmu ya naɗa kansa Sarkin Yaƙi. Na san sarautar Kagara ce kaɗai ta rage masa a duniya, shi ya sa nake haƙuri da shi, amma wallahi haƙurin sai an kai zuciya nesa.

Ba a fita yaƙi sai kowa ya gaishe shi a zauren hira na gem, ɗaya bayan ɗaya, bisa tsarin shekaru. Akwai ranar da wani dodo mai kai uku ya gama da mu kaf, saboda mutumin Falgore bai gama tambayar lafiyar iyali ba. Ya raba muƙamai: ni Ma'aji, Malam Yusha'u Waziri, na Gwangwan Sarkin Kudu. Mutum ɗaya ne bai samu ko da Sarkin Tsintsiya ba, wato Liti.

Liti ɗan dako ne a kasuwar Rogo, ya haura shekara hamsin, wuyansa ya saba da buhun masara. Wayarsa ta tsage, da robar taya ya ɗaure ta. Shekara biyu yana Kagara, mutuminsa na cikin gem yana nan da tsumman da aka ba shi ranar farko, don Liti bai ga dalilin da mutum zai sayi riga biyu ba.

Da damina ta tsaya sai masu gem suka turo sabon ƙari, wai Tsibirin Gishiri. Saukar da shi kaɗai ya cinye mini datar sati biyu. Muka shiga muka tarar duk zinariyar da muka tara ta zama banza a tsibirin, ko mai sayar da kifi ba ya karɓa. Badamasi, da yake shi ya fi kowa tarawa, ya yi kwana biyu yana tsine wa Turawa, har Malam Yusha'u ya roƙe shi ya riƙa bambancewa, don shi ma daga Turawa yake.

Ranar kasuwa Malam Yusha'u ya zo a babur ɗinsa, aka cika bencin, ya gyara tabarau ya fara karanta mana sanarwar mai shafi goma sha biyu.

"Ranka ya daɗe, kuɗin tsibirin iri uku ne. Na farko wuri, da shi ake sayen abinci da magani. A jikin ƙaguwar bakin teku ake samu, sai an kashe ta."

"Wuri?" in ji Badamasi. "Kakana ya bar mana shi a tulu, ba wanda ya kalla. Ci gaba."

"Na biyu gishiri, da shi ake gyaran takobi da sulke. Amma in ya kwana bakwai ba a kashe ba, narkewa yake."

Nan mutanen Falgore suka yi salati. Su da sana'arsu saye da kaka a ɓoye sai bazara, an kawo musu kuɗin da ba ya ajiyuwa. Ɗayansu ya ce wanda ya ƙirƙiro wannan bai taɓa ganin rumbu ba.

"Na uku ita ce yarda. Ba a sayenta, ba a sayar da ita, ba a kyautarta. Sai mutum ya yi wa talakawan tsibirin aiki da hannunsa. Akwai tsohuwa mai neman a kai mata itace, akwai mai rijiya, akwai wanda akuyarsa ke ɓata kullum. Duk aiki ɗaya, yarda ɗaya. In runduna ta haɗa dubu, sai a buɗe mata ƙofar babban gari."

Na ga Malam Yusha'u ya kai shafi na tara ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya yi tari, sai ya tsallaka zuwa na goma inda ake bayanin launin dawakai.

Da Badamasi ya tashi sai Malam ya ja ni bayan shago. Abin da ke shafi na tara shi ne, bayan kwana talatin gem ɗin da kansa zai ɗauki shugabancin kowace runduna ya ba wanda ya fi yarda a cikinta. Ba zaɓe, ba ɗaukaka ƙara.

"Me ya sa ba ka faɗa masa ba?"

"Ni? A gaban jama'a? Kai ne Ma'aji, a shagonka yake zama, kai ka faɗa masa."

"Kai ne Waziri."

"Wazirin waya," in ji shi, ya hau babur ɗinsa.

Kafin sati ya zagayo duk rundunar ta sani ban da mai abin. Kowa yana tura ɗan'uwansa. Mu da muke shiga kogon dodo ba gardama, muka rasa mai ƙarfin halin gaya wa ɗan dagaci cewa za a sake tsallake shi.

Ayyukan kuwa a allon shugaba suke fitowa kowace safiya, ko ya yi da kansa ko ya aika wani. Badamasi tun da ya yi wayo bai taɓa ɗaukar abin da ya fi biro nauyi ba alhali akwai wani a kusa. Sai ya duba allo, ya ɗaga kai ya ce, "Liti, tsohuwar nan tana son itace." Liti ya ce, "An gama, ranka ya daɗe." Ya kai itace, ya jawo ruwa, ya nemo akuya, ya sake nemo ta, don akuyar ba ta da aiki sai ɓata. Shi kuma Sarkin Yaƙi yana tsaye a bakin teku cikin sulken zinariya bisa farin doki, yana kallon ruwa.

Liti daɗin abin yake ji. Ya ce mini, "Kamilu, aikina ne na kullum, amma a nan in ka sauke kaya har godiya ake maka. Tsohuwar nan kullum sai ta sa mini albarka."

A kwana na goma sha biyar yardar Liti ta kai ɗari uku da wani abu, ta Badamasi kuwa sifiri ce cif. Na zaunar da Liti na yi masa bayani. Hankalinsa ya tashi sosai, har ya ajiye rogon da yake ci.

"Subhanallahi! Ni? Ni da mahaifin Sarkin Yaƙi ya yanka mini ragon suna? Daga yau na daina."

Washegari Badamasi ya ce, "Liti, rijiya." Liti ya kalle ni, na kalli keken ɗinki. Ya ce, "An gama, ranka ya daɗe." Ta ina ɗan dako zai ce wa ɗan dagaci ba zai je aike ba? Ya tafi yana jan ruwa kamar mai haƙa kabarin wani.

Muka koma dabara. Malam Yusha'u ya ce ya ji labarin wani sarki na da da yake fita cikin talakawa yana taya su aiki. Badamasi ya ce ai shi ya sa ba a tuna sunansa. Ni na ce ya ba ni wayarsa in duba masa wani abu, da niyyar in kai itace ko sau hamsin ne da sunansa. Ya ce wayar Sarkin Yaƙi ba ta kwana a hannun Ma'aji, haka juyin mulki ke farawa. Raina ya ɓaci na ce a zuciyata, to Allah ya ba da sa'a.

Har muka gwada mu wuce Liti mu da kanmu, ko abin zai faɗa kan Waziri ya zo da sauƙi. Ina! Malam Yusha'u akuyar ta gagare shi, ni kuma na faɗa rijiyar sau biyu.

Kwana talatin suka cika ranar wata Laraba, muna kan benci, an ɗan yi yayyafi an ɗauke. Wayoyinmu suka yi ƙara lokaci guda. Ba sai an fassara ba, hoto ne. Ga mutumin Liti da tsummansa, an ɗora masa hular sarauta, wuta tana tartsatsi a bayansa. Ƙarƙashin sunan Badamasi kuwa, inda aka saba ganin Sarkin Yaƙi, an rubuta ɗan runduna.

Badamasi ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce, "Waziri, karanta mini." Malam Yusha'u ya karanta shafi na tara.

"Tun yaushe kuka sani?"

Badamasi ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ni na ƙarshe, kuma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Liti ya zame daga benci ya tsuguna a taɓo, ya miƙa wayarsa da hannu biyu. "Ranka ya daɗe, wallahi ba da nufi ba ne. A mayar maka da abinka. Malam, danna inda ake mayarwa."

Malam ya danna. Gem ɗin ya ce ba a miƙa shugabanci ga wanda yardarsa ba ta kai ɗari biyu ba.

"To ku riƙe," in ji Badamasi, ya miƙe yana kaɗe riga. "Gobe zan kafa tawa. Asalin Dakarun Rogo. Mai biyayya ya biyo ni."

Malam ya sake gyara tabarau, wannan karon bai tsallake komai ba. "Allah ya huci zuciyarka. Kafa runduna ma sai da yarda ɗari biyu."

Badamasi ya tafi bai yi sallama ba. Kwana huɗu ba mu gan shi a benci ba, ba mu ga sunansa a gem ba. Yardar runduna ta cika dubu, an buɗe mana ƙofar babban gari, amma ba wanda ya yi murnar kirki. Liti ya ƙi zama a kujerar shugaba da ke zauren runduna, mutuminsa a bakin ƙofa yake tsayawa da hular sarauta a ka.

A rana ta biyar bayan la'asar, mu shida muna dawowa daga farautar ƙaguwa, muka biyo ta hanyar dajin itace. Sai ga wani a gabanmu cikin sulken zinariya, ba doki, da damin itace a ka, yana tafe a hankali a bayan tsohuwa. Bai ma iya ɗauka ba. Ya yi taku kaɗan damin ya zube, ya sunkuya ya tattara, tsohuwar ta juyo tana masa faɗa da Turanci.

Wata guda ina jiran ranar da zan ga haka in yi dariya har in faɗi daga benci. Da ta zo sai na ji tausayinsa ya kama ni, dariyar ta ƙi fitowa. Ban san wanda ya fara ba, na dai ga mutumin na Gwangwan ya juya baya yana kallon teku. Na Falgore suka juya. Ni ma na juya. Muka tsaya mu shida muna kallon ruwan ƙarya, har sai da muka tabbata ya wuce.

Liti yana gefena a kan benci. Bai iya rubutu da sauri ba, sai ya miƙo mini wayarsa ya ce in rubuta masa sanarwa ga runduna, ta farko tun da aka naɗa shi.

"Rubuta, daga la'asar zuwa magariba kada wanda ya sake bin hanyar itace. Wanda ya bi, na kore shi."

Na rubuta. "Har zuwa yaushe?"

Ya ɗan yi lissafi da yatsu. "Dami ɗari biyu ne, kuma bai saba ba. Rubuta sai bayan kaka."