Lissafin Ungozoma

Shekara talatin da huɗu ta yi tana karɓar haihuwa a asibitin gunduma kafin ta yi ritaya, shi ya sa har yau ba mai kiran ta da sunanta. Ungozoma kawai ake cewa. Da ta ajiye aiki sai ƙanenta, wanda shi ne shugaban jam'iyya na gundumar, ya sa ta a kwamitin dattawa, wai zaman gida zai tsofar da ita. Shi duk gari Ciyaman ake ce masa. Ita kuwa Auta take kiran sa, ko a gaban baƙi, duk da furfurar da ta cinye masa gemu.

Ofishin jam'iyyar ɗaki biyu ne a saman shagon mai faci. Benci huɗu, tebur ɗaya, fanka mai lanƙwasasshen fiffike da ke ƙara kamar tana tari, sai taswirar gundumar manne a bango, rana ta koɗar da ita. A nan suka taru wata safiya, saura mako shida a yi zaɓen fidda gwani na ɗan takarar shugaban ƙasa. A bana duk mai katin jam'iyya zai jefa ƙuri'a da hannunsa, ba wakilai ba. Mutum biyu ke neman tikitin: Tsohon Minista, wanda da shi aka kafa jam'iyyar, da Injiniya, wanda bai kai hamsin ba.

Ciyaman ya gyara tabarau ya karanta musu takardar da ta zo daga hedikwata. Ta ce bakwai cikin goma na 'yan jam'iyya a gundumar sun haura shekara hamsin, manoma ne da 'yan fansho.

"Kun ji dai," ya ce yana naɗe ta. "Na riga na faɗa wa Minista ya kwantar da hankalinsa. Gundumar nan tasa ce."

Ungozoma ta miƙa hannu. "Auta, ba ni in gani. Wace shekara aka yi wannan ƙidayar?"

"Yaya, a ofis muke."

"Na sani, ai ni na hawo matakalar. Wace shekara?"

Aka duba ƙasan takardar, shekara tara ke nan. Ta tashi ta je gaban taswirar, ta ɗora yatsa a kan wani fili fari da ke bayan masaƙa.

"Nan ba komai a taswirarku. A ƙasa kuwa layi goma sha huɗu ne, kowane cike da gidajen haya. Shekarar da aka buɗe masaƙar nan gadajen ɗakin haihuwa suka ƙare mana, har a kan benci muka karɓi haihuwa. Akwai ranar da na yanke cibiya goma sha ɗaya kafin in karya kumallo. Haka muka yi ta yi shekara shida ba sauƙi. To ku lissafa. Ƙaraminsu yanzu ya cika sha takwas."

Tsohon Hedimasta, wanda shi ne sakatare, ya ce yara ai ba sa yankar katin jam'iyya.

"Buɗe kabad ɗin can ka ƙirga kundin katin da ya rage," in ji ta. "Bakwaini ya zo nan sau nawa a watan nan?"

Bakwaini shi ne shugaban matasan jam'iyya, mai shagon gyaran waya a bakin kasuwa, ɗan shekara ashirin da shida, dogo mai faɗin kafaɗa. A wata bakwai aka haife shi, ita ta naɗe shi a auduga ta yi sati biyu tana leƙa shi, sunan kuma ya bi shi har girma. Hedimasta ya buɗe kabad. Cikin kundi arba'in da aka kawo, shida suka rage.

Ciyaman ya yi dariya ya ce yankar kati daban, fitowa rana daban. Ba ta ja da shi ba. Ta ɗauki jakarta ta ce ita dai ta gaya musu, kuma kowa ya sani tun yanzu Injiniya za ta zaɓa, kada wani ya ji a bakin wani.

Ranar zaɓen, kafin rana ta take, layin da ke makarantar bayan masaƙa ya fita ta ƙofa ya zagaye katanga. Da aka ƙirga, Injiniya ya ninka Minista a gundumar har da ɗoriya. Kwana biyu bayan haka rediyo ya sanar da cewa shi ya lashe tikitin a ƙasa baki ɗaya.

Ungozoma ba ta je murna ba. Tana tsakar gida tana shanya wanki sai ga Hedimasta ya shigo yana haki, hularsa a hannu. Ya ce matasa sun sauya kwaɗon ofis, sun sauko da bencin dattawa sun jingine shi a jikin tayoyin mai faci, sun cire hoton Ciyaman. Ya ce kuma tun jiya motar 'yan ɗaya jam'iyyar ta tsaya sau biyu a ƙofar gidan Ciyaman, dattawa goma sha biyu sun ce inda ya sa ƙafa nan za su sa.

Ta gama shanya zanen da ke hannunta, ta matse na ƙarshe, sannan ta ce ya je gida ya sha ruwa.

Ta tarar da ofishin maƙil. Sun kai sittin, wasu a kan tebur, wasu a taga, ana ta kiɗa a waya. Da suka gan ta aka ɗauki tafi, domin kowa ya san wa ta zaɓa. Bakwaini ya ba ta kujerar Ciyaman.

"Mama, kin ga aikinmu. Yanzu jam'iyya ta dawo hannun masu jini a jika. Tsofaffin nan su je su huta, mun gode."

"Ni ma tsohuwa ce."

"Ke ai tamu ce."

"To tunda taku ce, ku kashe kiɗan nan in yi tambaya." Aka kashe. "Katin jam'iyya na gani kowa yana da shi. Wanda yake da katin zaɓe, na hukuma, wanda za a karɓa ranar babban zaɓe, ya ɗaga shi sama. Wanda ya bar nasa a gida ya ɗaga hannu, na yarda da shi."

Aka fara kallon juna. Ta ƙirga a fili, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda take ƙirga jarirai kafin ta miƙa aiki. Goma sha bakwai.

"Kai fa, Bakwaini?"

Ya sosa ƙeya. "Nawa yana da matsala, Mama. Sun ce in kawo takardar haihuwa."

"Kai da na karɓa da hannuna?"

Ɗakin ya fashe da dariya, shi ma ya yi, amma ba ta kai ciki ba.

"Ku saurara," ta ce. "Zaɓen da ya wuce ni ce wakiliyar jam'iyya a rumfar tsohon gari, daga baya aka tura ni bayan masaƙa. A tsohon gari, cikin mutum goma masu rajista bakwai suka fito, wasu da sanda, wata a kan kujerar guragu. A bayan masaƙa uku. Ku kun fi yawa, ban taɓa musu ba, ni na fara faɗa a ɗakin nan har aka yi mini dariya. Amma yawan da ba shi da kati, ranar zaɓe 'yan kallo ne. Saura kwana ashirin da uku a rufe rajista. A cikinku wa ya san yadda ake samo shaidar haihuwa ga wanda ba shi da ita? Wa ya san hanyar ƙauyukan hayin kogi idan ruwa ya haye gada? Wa zai yi sallama a can a shimfiɗa masa tabarma?"

Wata budurwa mai ɗinki ta ce ai su tsofaffin ne suka fara raina su, shekara da shekaru ana kiran su ɗaukar kujeru da liƙa fasta kawai.

"Gaskiyarki," in ji Ungozoma. "Wannan ki riƙe ta, za ki faɗa wa Ciyaman a idonsa, ni zan tsaya kusa da ke. Amma bencin nan ku mayar da shi sama kafin mai faci ya fara zaunar da kwastomominsa a kai."

Daga nan ta wuce gidan ƙanenta. Matarsa ta nuna mata inda yake da haɓa. Yana tsugune yana ba tattabarunsa hatsi, da singileti, ba hula. Bai ɗago ba.

"Kin zo ki ce kin faɗa?"

"Na faɗa mana. Ba shi ya kawo ni ba." Ta jawo turmi ta kife ta zauna. "An ce baƙi suna zuwa."

"Suna girmama ni. Shekara ashirin da takwas ina riƙe da jam'iyyar nan, Yaya. Lokacin da ba mu da ko kansila ɗaya, a zauren gidan nan ake taro. Yau yaron da na sa hannu aka ɗauki ubansa aiki shi ya sauya mini kwaɗo."

"Ya yi rashin kunya, kuma zai zo ya ba ka haƙuri. Su waɗancan me suka ce za su ba ka?"

"Mataimakin shugaba."

"Ƙarƙashin wa?"

Ta san amsar. Mutumin da suka yi shekara ashirin ba sa ko gaisawa a wurin jana'iza.

"Auta, ka je can ka zama ado, su ɗauki hotonka su nuna, bayan zaɓe su manta inda suka ajiye ka. A nan kuwa akwai aikin da in ba kai ba ba mai iya shi. Yaran nan kusan dubu uku ba su da katin zaɓe. Ba su san ta inda ake shiga ofishin rajista ba. Kai ka sani, Hedimasta yana da kundin makaranta tun na iyayensu, ni na san shekarar kowa. In muka yi musu, duk ƙuri'ar da ta fito daga bayan masaƙa da hannunka a ciki, kuma hedikwata za ta sani."

"Don in taimaki mutumin da ban zaɓa ba."

"Sau uku na zaɓi mutanen da ka kawo ba don sun yi mini ba. Ɗayansu ko magana bai iya ba. Na taɓa yi maka gori?"

Ya watsa sauran hatsin, ya karkaɗe hannu.

"Sai dai Bakwaini ya zo da kansa," ya ce. "Da mabuɗin a hannunsa. Ba aike ba."

Washegari da hantsi Bakwaini ya zo, da mai ɗinkin nan da wasu mutum huɗu. Ya durƙusa ya ajiye mabuɗin, ya ce, "Baba, mun yi kuskure." Mai ɗinki kuwa ba ta fasa ba, ta faɗi tata tas, ba ta tsallake komai ba. Ciyaman ya haɗe rai har ta gama. Sannan ya tambayi 'yar wace ce, aka faɗa masa, ya ce ai biri ya yi kama da mutum, uwarta ma haka take. Aka yi ciniki mai zafi a kan kwamitin yaƙin neman zaɓe. Matasa suka nemi rabi, ya ce uku cikin goma, aka tsaya a biyar cikin goma sha ɗaya, da sharaɗin mai ɗinki ce mataimakiyar sakatare. Dattawa biyu ba su yarda ba, suka koma ɗaya jam'iyyar. Ba wanda ya bi su.

Kwana ashirin suka yi suna aiki. Aka sa tebur a inuwar shagon mai faci. Hedimasta yana buɗe tsofaffin kundaye yana lasar yatsa, Ungozoma tana duban fuska ta ce, "Kai ɗan mai walda ne, shekarar ambaliya, ka kai," ko ta ce, "Ke koma gida, sai zaɓe mai zuwa." Ciyaman ya sa babbar riga yana jagorantar su rukuni-rukuni zuwa ofishin rajista, yana tsawata wa duk wanda ya fita daga layi. Bakwaini ya tattara lambobin waya, kowace safiya saƙo yana isa ga waɗanda ranarsu ta zo. Sun yi faɗa a kan kusan komai, daga launin fasta har wanda zai zauna a gaban mota. Da aka rufe rajista, mutum dubu biyu da ɗari huɗu da sittin sun samu shiga.

A makon ne Tsohon Minista ya fito a rediyo ya ce ya mara wa Injiniya baya, magoya bayansa su ma su yi haka. Suna ofis suka ji, an cika benci huɗun har wasu na tsaye.

Ciyaman ya rage murya ya dubi Hedimasta. "Sai yanzu? Rubuta masa takarda ka ce mu nan mun wuce wurin tun sati uku."

"Da sa hannun wa?"

"Nawa da na yaron nan."

Bakwaini ya karɓi biro. Ungozoma ta bar su suna gardamar wanda sunansa zai zo a sama, ta riƙe ƙarfen matakala ta sauka a hankali. A ƙasa wata mata mai tsohon ciki tana jiran a yi wa babur ɗin mijinta faci. Ungozoma ta tsaya, ta dubi ƙafafunta da suka kumbura, ta tambaye ta yaushe rabonta da awo.