Adon Ɗakin Mai Faci

Mai faci bai taɓa ganin aibun ɗakinsu ba sai ranar da surukarsa ta zo ɗaukar wa 'yarta zannuwa. Matarsa tana asibiti, ta haifi bakwaini, 'yar mitsitsiyar yarinya da aka sa a kwalba. Tsohuwar ta tsaya a tsakiyar ɗakin, ta dubi bangon da fentinsa ya kwaɓe, ta dubi ƙusoshin da aka rataye riguna a kai, ta dubi ledar ƙasa da ta yage wajen bakin ƙofa.

"Nan za ka kawo min su?"

Ya sunkuyar da kai. "Nan ne, Mama."

"Ɗaki kamar sito. Ai ko lafiyayye ya kwana nan sai ya tashi da ciwon rai. In an sallame su gidana zan wuce da su, sai yarinyar ta yi ƙwari."

Gidanta kuwa a wani gari yake, tafiyar yini guda, shi kuma ba ya iya rufe rumfar facinsa ya bi su. Ya kuma san halin tsohuwar, in ta ce sai yarinya ta yi ƙwari, to sai dai ya ga 'yarsa tana rarrafe. Har ranar ta bayan gilashi kawai yake ganinta, ko yatsanta bai taɓa riƙewa ba.

"Mama, a yi min haƙuri zuwa ranar sallama. Zan gyara."

Ta ƙulle zannuwan a ɗankwali. "Zan zo in gani da idona kafin nan."

Da yamma ya nufi shagon yayarsa tela, wadda gidanta yake bayan layinsu. Ita ta raine shi, don haka har yanzu Auta take ce masa, ko a gaban masu kawo ɗinki. Ya zauna a kan benci ya kwashe labari ya gaya mata, ita kuma ƙafarta ba ta bar taka keke ba.

"Kai Auta, kai da ado? Kai da rigarka ma ba a sanin asalin launinta?"

"Yaya, ki taimaka dai."

"To ɗauko buhun can na ƙarƙashin tebur. Ƙyallaye ne, ragowar ɗinki. Ka samu kwali mai kauri, ka yanka shi kusurwa huɗu, ka lulluɓe kowanne da ƙyalle, ka jera a bango. Gwangwanin madara ma ka sa masa riga, a zuba audugar jariri. Kwalba ka naɗe ta da zare, a soka fure. Ka dai bar haɗa ja da ja, don na san idonka."

Wata mai karɓar ɗinki ta shigo da faɗa, zancen ya tsaya nan. Ya saɓa buhunsa ya fita.

Daga ranar, kullum in rana ta yi sanyi sai ya rufe rumfa ya dawo gida. Ya fara shafe bango da farar ƙasa. Ya roƙi kwalaye a shagon mai kayan masarufi, ya auna da igiya, ya yanka da wuƙar da yake yanka tsohon tub na cikin taya. Ya baza ƙyallayen a ƙasa yana juya su, shuɗi kusa da ruwan ƙwai, mai ganye kusa da mai ɗigo-ɗigo. Abin ya ba shi mamaki, ashe zaɓen launi ma aiki ne mai cin lokaci.

Da aka zo mannawa bai tsaya tambayar kowa ba. Shi a duniya gam ɗaya ya yarda da shi, sholishon da yake facin taya. Ya yi wa kowane kwali irin yadda yake yi wa tub: ya kankare fuskarsa ta yi kaushi, ya goge, ya shafa sholisho a kwali, ya shafa a ƙyalle, ya hura da baki, ya jira ya sha iska, sannan ya haɗa su ya bi da guduma a hankali. Gwangwanaye ma haka, kwalabe ma haka. Ya samu tsohuwar tayar ƙaramar mota, ya wanke ta, ya naɗe ta da igiya zagaye bayan zagaye, kowane zagaye da nasa sholishon, ya ɗora mata faifan katako ta zama ɗan tebur. Wani dogon ƙyalle mai zanen tsuntsaye kuwa kai tsaye ya manna shi a bango, daidai inda gadon jaririyar zai tsaya. Don kada ƙura ta shiga ta ɓata masa aiki, sai ya rufe taga ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma.

Wari kuwa bai ji ba. Tun yana yaro yake cikin sholisho, hancinsa ya daɗe da daina kawo masa labarinsa.

Da ya je asibiti dubiya, matarsa ta kama hannunsa ta juya, ta ga zare ja ya manne a farcensa.

"Me kake ƙullawa ne a gidan nan?"

"Za ki gani."

"Ni dai kada in dawo in tarar ka jera min tayoyi a ɗaki."

Ya yi tari, ya ce bari ya leƙa yarinya.

Ana gobe sallama, da hantsi, surukar ta iso daga asibiti, inda take jinyar 'yarta. Ya yi wanka ya sa rigarsa ta fita. Ya buɗe mata ƙofa ya koma gefe, hannuwansa a baya, yana jiran ya ga fuskarta.

Taku ɗaya ta yi ta dawo da baya. Ta kama bakin mayafi ta toshe hanci, tari ya sarƙe ta, idanunta suka kawo ruwa.

"Wayyo ni! Me ka zuba a ɗakin nan? Fetur?"

"Sholisho ne, Mama. Na mannawa."

"Sholishon taya? Yaron nan, jaririyar da likita ya ce ko turare kada a kunna kusa da ita? Ƙirjinta fa bai kai tafin hannunka ba!"

Ya shaƙi iskar ɗakin da ƙarfi. Shi dai bai ji komai ba, amma ya ga hawaye a idon tsohuwar, ya san ba sharri take masa ba. Ya shiga ya buɗe taga, ya fara sauke kwalayen daga kan ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, yana fitar da su tsakar gida. Ya fitar da gwangwanaye da kwalabe, ya mirgino teburin tayar. Sannan ya ɗauko wuƙa ya durƙusa gaban tsuntsayen nan yana kankare su daga bango, suna fita guntu-guntu da farar ƙasa a bayansu.

Surukar tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno a inuwa, tana fifita da mayafi. Can ta miƙa hannu ta ɗauki kwali ɗaya. Ta juya bayansa, ta ga yadda aka naɗe kusurwoyin tsaf, babu inda ya tattare. Ta sa farce za ta ɓare ƙyallen, ya ƙi. Ta ja da ƙarfi, kwalin ya yage, ƙyallen yana nan manne.

"Ikon Allah. Wannan ko tirela ta bi ta kai ba zai saki ba." Ta ɗaga murya. "Kai, wa ya haɗa maka launukan nan?"

Daga cikin ɗaki ya amsa, "Ni ne, Mama."

Ta daɗe tana kallon kwalayen da ke jere a rana. Sai ta tuɓe mayafi ta ɗaure shi a ƙugu.

"Akwai sitaci a gidan nan? Na wanki."

"Akwai."

"Ɗora min ruwa. Ka je ka kira yayarka, ka ce ta zo da sauran ƙyallaye da babbar allura. Ka biya ka samo wasu kwalayen."

Yayar ta iso tana dariya tun daga bakin ƙofa. "Auta, ɗaki aka ce ka gyara, ba a ce ya yi faci ba! Allah ya so ba ka sa masa iska ba."

"Bar shi haka," in ji surukar. "Ke da kika ba shi ƙyalle ba ki gaya masa abin mannawa ba, ai rabin laifin naki ne."

Tsohuwar ta dama sitaci da kauri, ta bar shi ya huce. Ta nuna masa yadda ake shafawa da tafin hannu, sama-sama, a shimfiɗa ƙyalle a bi shi da tsumma daga tsakiya zuwa gefe. Da ya ɗauko guduma sai ta buge masa hannu.

"Ajiye. Lallaɓa shi ake yi."

Shi ke yanka kwali yana zaɓen launi, surukar na mannawa, yayar na ɗinke wa gwangwanaye riguna da allura. Suka fitar da katifa da labule suka shanya, suka wanke bango da ƙasa da sabulu. Kafin la'asar sababbin kwalaye sun bushe a rana, sun yi ƙyam. Tsofaffin kuwa aka ce ya kwashe su ya kai rumfarsa, can su ƙarata da shi.

Da suka gama ratayewa, surukar ta sa aka rufe ƙofa da taga na ɗan lokaci, sannan ta shiga ita kaɗai. Suna tsaye a waje suna jin yadda take jan hanci. Ta fito tana girgiza kai.

"Da saura. Ya shiga bango. Jaririya ba za ta kwana nan gobe ba."

Mai faci ya dubi ƙasa. A ransa ya riga ya hango motar da za ta tafi da su.

Yayar ta ce, "Mama, ga ɗakina na baya babu kowa. Daga nan zuwa can ko shayi ba zai huce ba. Su sauka wurina har iska ta gama aikinta."

Tsohuwar ta dubi yayar, ta dubi surukin nata, wanda sitaci ya bushe masa har gwiwar hannu. Ta leƙa ɗakin ta sake kallon bangon.

"To, haka za a yi. Amma ni ce mai shinshinawa, ba shi ba. Kullum da safe zan zo. Ranar da hancina ya yarda, ranar za su tare."

Washegari aka sallame su, suka sauka gidan yayar har da tsohuwar. Shi kuwa ya bar tagarsa a buɗe, kullum ya goge bango da ruwan sabulu kafin ya fita rumfa. Kowace safiya tsohuwar ta zo ta ja hanci ta ce da saura. Kowace yamma ya yi wanka, ya canza riga, ya goge hannu har fatar ta yi ja, sannan a miƙa masa 'yarsa a cikin tawul.

Wata safiya surukar ta shiga ɗakin ta daɗe ba ta fito ba. Da ya leƙa sai ya same ta zaune a bakin gado, tana gyara zaman wani gwangwani a kan taga.

"Me ka tsaya kallo?" ta ce. "Je ka ɗauko kayansu. Ka riƙo min jakata ma, nan zan zauna sai ta yi ƙwari. Kai kuma ka nemi tabarma, falo ya ishe ka."

Ya fita da sauri har ya sa takalmi a juye, bai tsaya gyarawa ba.