Akwatin da Ya Sha Ruwan Goro

Duk Salaga an san Wahabu kafinta da hannu mai kyau da kuma zuciya mai saurin tafasa. Abin da ke tafasa ta kuwa bai wuce zaman gidan yayansa Mutaru ba, babban farken goro. Wahabu da matarsa Shetu ɗaki ɗaya suke da shi a gidan, suna cin tuwon Mutaru suna haɗawa da baƙar maganarsa. Mutaru bai taɓa kiran aikin kafinta sana'a ba, wasan katako yake ce masa, ko a gaban baƙi.

Ana cikin haka, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, Alhaji Yussif mai gidan majigi a Bawku ya sauka a zango. Ya yi ƙorafin cewa lasifikarsa ba ta da kaurin murya, in aka buga ganga a fim sai ka rantse gwangwani ake kaɗawa. Wahabu ya ce laifin akwatin ne, katakonsa rawa yake yi. Alhaji ya bar masa lasifikar, ya ce in ya kawo akwatin da zai sa ƙirjin 'yan kallo ya amsa, akwai shago da ɗaki suna jiransa a Bawku. Wahabu bai ji komai a zancen ba sai kalmar ɗaki.

Ya bi kantuna ya tara tsofaffin akwatunan shayi, ya ɓalle siraran allunansu. Ya dafa fatar sa da kofato har suka narke suka zama gam. Ya riƙa shafawa yana ɗora falle kan falle, wannan a miƙe wancan a gicciye, ya danne da dutsen niƙan Shetu har suka haɗe suka zama bango mai kauri. Ko ƙusa ɗaya bai sa ba. In ka ƙwanƙwasa, sai ka ji dum, ba karkarwa.

Aibin wannan gam ɗaya ne, ba ya ga maciji da ruwa. Kowane kafinta ya san haka. Mutaru dai ba kafinta ba ne, kuma tun ranar da ya toshe hanci ya ce an mai da masa gida majema, Wahabu ya daina yi masa magana sai gaisuwa.

Akwatin ya fi ƙarfin motar fasinja, dole sai motar goron Mutaru, wadda za ta bi ta Yendi zuwa Bawku. Wahabu ya aiki Shetu ta roƙa, don shi girman kai ya hana shi. Mutaru ya ce a ɗora, bai ko kalli akwatin ba. Wahabu ya rungumi lasifikar ya yi gaba, yana murnar ya raba gari da gori.

A tashar Bawku ya jira har ransa ya ɓaci, domin motar goro ta lalace bayan Yendi ta yini tana shan rana. Da ta iso, Alhaji Yussif na tsaye da mutanensa. Mutaru ya diro, leɓensa duk ya tsage, ya sa aka sauke wani ƙaton ƙunshi a hankali. An naɗe shi da ganyen fita da jiƙaƙƙun buhuna, an ɗaure tam, kamar yadda ake yi wa huhun goro na sarauta.

Wahabu ya ga ruwa na ɗiga daga ƙunshin. Ya yanke igiya. Allunan suka buɗe falle-falle kamar ɓawon albasa, gam yana dalala yana wari. Alhaji ya taɓa gefe ɗaya da sanda, ya zube.

"Kafinta, wannan ne akwati?" in ji shi. "Kawo lasifikata, ni ba ni da lokacin wasa."

Ya karɓi kayansa ya tafi, shago da ɗaki suka bi shi.

Nan fa Wahabu ya manta wa ya girmi wa. A gaban 'yan dako da direbobi ya wanke yayansa tas. Ya ce da gangan ya yi, don ya ci gaba da samun wanda zai yi wa gorin tuwo. Ya ce mutumin da bai san komai a duniya ba sai goro, ko gawa aka ba shi sai ya yayyafa mata ruwa. Ya ce daga yau bai da ɗan'uwa. Wani dattijo ya kama hannunsa yana cewa babban wa uba ne, ya fizge.

Mutaru bai rama ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Da Wahabu ya gaji, sai ya ce a hankali, "Na ga rana na dukansa, na ji tsoro ya tsage. Abin da na sani ke nan, ƙanena."

Wahabu ya yi tsaki ya haye motar don ya ɗauko jakar kayan aikinsa. A can ya tarar da direba yana kwance huhuna yana girgiza kai. Goron duk ya yamutse, ya yi baƙi, ganyen ya bushe ƙamas. Direba ya ce duro ɗaya na ruwa ya rage musu inda motar ta lalace. Ya yi ta roƙon Mutaru a yayyafa wa goro, ya ƙi, ya ƙarar da shi a kan akwatin, ya ce goro ana sake saye, amma akwatin ƙanensa ɗaya ne.

Wahabu ya tsaya da busasshen goro a tafin hannunsa. Fushin bai tafi ba, ƙaruwa ma ya yi, sai dai yanzu ya rasa wanda zai sauke wa. Ya leƙa ƙasa, ya ga Mutaru a tsugune yana tsince allunan ɗaya bayan ɗaya, yana goge su da gefen rigarsa, yana jera su a inuwa.