Kayan Yajin Hadijatu

Da safe na ajiye jakar a bakin ƙofar ɗakina, kafin la'asar labari ya gama unguwa cewa Hadijatu za ta yi yaji. Ban ga laifin kowa ba. A Illela idan matar aure ta cika jaka ta zuge zif ta jingine ta a bakin ƙofa, ba a tambayar ta ina za ta, gidan ubanta kawai ake kallo.

Surukata, Inna Fati, ta aika a kira ni. Na same ta a bakin gadonta, kyanwarta kwance a cinyarta.

"Mi anka yi miki, ɗiyar ga?"

"Ba a yi mani komi ba, Inna."

"In wancan ne yab ɓata miki rai, ki hwaɗa mani." Wancan shi ne maigidana Ashafa. Ɗanta na fari ne, ba ta kama sunansa.

Na je na ɗauko jakar na buɗe mata. Garin kwaki da ƙuliƙuli da dabino, ashana cikin kwalba, tocila, gidan sauro, ƙaramar wuƙa. Katinan shaidarmu da katin rigakafin ɗiyata Mahbuba na naɗe su cikin leda na ƙulle. Maganin hawan jinin Inna ma na raba shi biyu na sa rabi a ciki. Na ce mata kayan gudun ruwa ne. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ko ni Allah ya gaya wa ruwa zai zo.

Ba a gaya mini ba, amma bara ina nan. Gidanmu yana gangare ne, ta hanyar Kalmalo, inda duk ruwan da ya rasa wurin zuwa yake taruwa. Bara da ya shigo mun fita ba ko cokali. Kuma mun kusa rashin fita ɗin ma, don kyanwa ta ɓuya, Inna kuwa ta rantse ƙafarta ba za ta taka waje ba sai da ita. Sai da ruwa ya kai gwiwa Ashafa ya saɓa ta a kafaɗa tana dukan bayansa. Kyanwar, da ake ta wannan tashin hankali dominta, washegari aka gan ta a kan rumbu tana lasar hannu.

Bana Ashafa ya fi zama a Konni da harkar albasa. Ni ba zan iya saɓa tsohuwa ba, ga Mahbuba a baya. Wannan shi ne abin da yake ci mini rai tun farkon damina: idan ruwa ya zo ba ya nan, da ƙafarta Inna za ta fita, ko kuma ba ta fita.

Sunan kyanwar Baƙuwa. Marigayi Malam Dabo, mijin Inna, ya zo da ita daga Konni tana ƙarama, cikin buhun albasa, a shekarar da ya rasu. Ni dai ba ta taɓa burge ni ba. Ɓarauniya ce, ga raini, idan ta kalle ka sai ka ce kai ne baƙo a gidan. Amma na fahimci jakata duk aikin banza ce muddin ba a yi wa Baƙuwa nata shirin ba.

Ranar kasuwa na sa aka sayo mini kwando mai murfi da busasshen kifi na Kalmalo. Kullum da hantsi in ɗauko kifi in jefa cikin kwandon in ƙwanƙwasa gefensa. Da farko ta tsaya daga nesa tana harara. Daga baya ta riƙa sa hannu ta fizge ta gudu. Na hana ta abinci a ko'ina sai a kwandon, Inna tana mita wai ina horar da marainiya da yunwa. Kafin gero ya fitar da kai, da na ƙwanƙwasa sai ka gan ta ta faɗo daga katanga ta shige da kanta. Maƙwabta suka samu abin dariya. Ummu Salma ta gidan gaba har leƙowa take yi tana tambayar ko an fara yi wa amarya lefe.

Wata rana Inna ta kira ni, ta sa na jawo tsohon akwatinta na kwano daga ƙarƙashin gado. Ta buɗe. Farin yadi ne a ninke, sabo, da ƙullin turare a gefe. Likkafaninta.

"Kin ga tawa jikka," ta ce. "Ni na daɗe da shiri. Ke ta gudu kika shirya, ni ta zuwa."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma suruka ce. Na mayar da akwatin na fita, na je na ƙara wa jakata gishiri da sukari na zawo, don hannuna ya samu abin yi.

Ruwan ya zo ranar wata Laraba bayan azahar. Tun safe ake tsuga shi ba tsayawa. Na kira Ashafa, ya ce hanya ta yanke daga can, babu mai tsallakowa. Ina cikin magana na ji ana kira daga waje cewa ruwa ya taso ta gonaki, kowa ya nufi makarantar kan tudu. Da na leƙa tsakar gida, takalman Mahbuba suna yawo a kan ruwa.

Na goya ta na ɗaure da kyau. Na ɗauko kifi na ƙwanƙwasa kwando. Tsawa ake yi, kyanwa kuwa ba ta da alkawari. Sai ga ta ta sauko daga saman sif ta faɗa ciki, na kifa murfi. Nan na gane abin da na manta. Igiyar da na tanada don ɗaure murfin na ara wa Ummu Salma shekaranjiya ta ɗaure akuyarta, ban karɓo ba. Aka sake tsawa, Baƙuwa ta fara dukan murfin da kai, tana neman ɓallewa.

Haka na shiga ɗakin Inna, jaka a kafaɗa, kwando a ƙirji na danne da hannu biyu. Tana zaune a tsakiyar gado ta naɗe ƙafa, farin yadin nan a cinyarta. Ruwa ya shanye tabarmarta.

"Inna, tashi mu tahi. Ga Baƙuwa nan, na kama ta."

Ta kalli kwandon, ta kalle ni. Ashe bara ma ba kyanwar kaɗai ce ta riƙe ta ba.

"Ku tahi da ita," ta ce. "Ɗakin ga nan anka kawo ni, nan Malam ma yab bar ni. Na gaji da a ɗauke ni kamar buhu. Tahi da ɗiyarki."

Na roƙe ta da girman Allah. Na ce mata tudu ba nisa, zan riƙe ta. Ta girgiza kai tana jan carbi. Ruwa ya wuce idon sawuna, sanyinsa yana hawa. Ban taɓa yi wa Inna musu ba tun da aka kawo ni gidan, amma ranar kunya ta ƙare mini. Na sauke jakar a kan gado, na hau na zauna kusa da ita, da goyona da kwandona.

"Mi kika yi haka?"

"Zama nika yi, Inna."

"Ke haukace? Da ɗiya a baya?"

"Awo. In kin zauna mun zauna. Sai dai ki duba yadin ga naki da kyau, don ban ga ya ishe mu mu ukku ba."

Na faɗa ne kawai, amma har ga Allah tsoro nake ji, don ban san abin da zan yi ba idan ta ƙi. Mahbuba ta farka ta fara kuka, ta miƙo hannu ta kama gefen mayafin kakarta. Kyanwa ta turo murfi har hannu ɗaya ya fito, ta yage ni a yatsa. Inna ta dubi yarinyar, ta dubi yadin, ta dubi jinin da ke hannuna.

"Murhin ga ba ya tsayawa," ta ce. "Ina igiya?"

"Babu."

Ta ja tsaki, irin wanda take yi idan na cika gishiri a miya. "Duk shirin naki? To akwai wuƙa cikin kayan yajin ga?"

Na zaro mata. Ta warware likkafanin, ta tsaga bakinsa da wuƙar, ta ja da hannu biyu. Ƙarar yagewar ta fi mini duk wani kiɗa da na taɓa ji daɗi. Ta zagaya kwandon da tsiri ɗaya ta ƙulle tam. Ta sake yago wani mai faɗi, ta ɗaura a ƙugunta, ta miƙo mini ɗaya bakin na ɗaura a nawa. Kwandon ita ta ɗora a kai, ta ce ba ta yarda da riƙona ba.

Muka fita a ɗaure da juna, ruwa har cinya, ina gaba tana bina a hankali tana yi mini faɗan ina sauri. A makaranta mata suka matsa mana wuri. Na jiƙa gari na ba Mahbuba, na ba Inna maganinta, tocilarmu kuma ta zama ta kowa. Ummu Salma ta zo aron ashana, ba ta ƙara maganar lefe ba.

Sai da ruwa ya janye Ashafa ya samu tsallakowa. Ya tsuguna gaban uwarsa, ya ga ragowar yadin a yage, ya gane ko mene ne. Murya ƙasa ƙasa ya ce idan ya koma Konni zai sayo mata wani.

Inna tana ɓare wa Baƙuwa kifi, ba ta ko ɗago ba.

"Yadin shi jira," ta ce. "Sayo igiya mai ƙwari tukuna, a sa cikin jikka."