Jinin da Ake Auna Unguwa da Shi

Auduga ta uku ke nan Tofazzal yana dannawa a cikin gwiwar hannunsa, ita ma ta yi ja. Ya jefa ta a kwandon shara, ya ɗauki wata, ya naɗe hannun a ƙirji kamar mai riƙe da jariri.

"Allurar ce ba ta da kyau," ya ce. "Yanzu komai jabu ne, Masta."

Motaleb ya bi audugar da kallo. Yana tsaye a ƙofar ɗakin gwajin, riƙe da 'yar kwalba mai jinin 'yarsa Shiuli. Shi da iyalinsa ke zaune a saman benen, Tofazzal a ƙasa, inda ya mayar da falonsa wurin gwajin jini tun kafin a haifi Shiuli. Motaleb ya yi ritaya daga koyar da labarin ƙasa, amma har yau lungun na kiransa Masta, da yake ba a samu wani abin da za a kira shi ba.

Damina ta zauna a birnin Khulna, ruwa ya kwanta a lungu, sauro ya kawo zazzaɓin dengi. A irin wannan lokacin kowa likita ne. Mai sayar da kifi ma ya san cewa akwai wasu ƙananan ƙwayoyi a jini masu tsayar da zubarsa, kuma in suka yi ƙasa sosai mutum kan zube ta ciki ba tare da ya ji ciwo ba. Mata na gaisawa da adadin ƙwayoyin 'ya'yansu. Ganyen gwanda ya ƙare a bishiyoyi, an daka an ɗura wa marasa lafiya.

Na'urar Tofazzal ce ke faɗin adadin. Tsohuwa ce, mai launin toka, da ɗan allo kore a gabanta. Ya sha yi wa Motaleb bayaninta, ko an tambaye shi ko ba a tambaya ba. Ana tsarma jini a ruwan gishiri, na'urar ta zuƙe shi ta wata kafa da ta fi silin gashi siranta, wutar lantarki na bi ta kafar. Duk ƙwayar da ta wuce sai ta ɗan tare wutar, wutar ta yi zillo. Babbar ƙwaya babban zillo, ƙarama ƙarami. A kan allon sai ka ga tsinkaye kore sun miƙe kamar dashen shinkafa, na'urar kuma tana ƙirgawa.

Kowace safiya, kafin ya taɓa jinin kowa, sai Tofazzal ya gwada na'urar da nasa. Akwai jinin gwaji na kamfani a kwalba, amma yana da tsada, kuma in aka ɗauke wuta yini guda ya lalace. Shi kuwa nasa yana tare da shi, ya san adadinsa kamar yadda ya san sunan ubansa.

Na'urar ta yi ƙugi, ta fitar da lamba. Tofazzal ya leƙa ta saman tabarau, ya tsuke baki.

"Ka gan ta ko? Tsohuwa mai ƙarya. Laima ce ke shigarta." Ya kama wani ɗan maɓalli a gefe ya murɗa kaɗan, ya sake gwadawa, ya ƙara murɗawa, har lambar ta dawo inda yake so. "Yauwa. Yanzu ta farka. Kawo na yarinyar."

Motaleb ya miƙa.

"Dubu ɗari da 'yan kai," in ji Tofazzal. "Ka bar ta a gida. Me za ta yi a asibiti? Mutane a ƙasa suke kwance, har kan matakala. Ruwan kwakwa, romo, barci."

Ya yi murmushi, sai Motaleb ya ga jan abu a tsakanin haƙoransa.

"Bhai," in ji Motaleb, wato ɗan'uwa, "bakinka."

"Pan ne," in ji Tofazzal, wato ganyen da ake taunawa mai rina baki ja.

Motaleb ya hau bene da sauƙin zuciya. Matarsa Hosne Ara ta tare shi a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

"Baban Shiuli, zazzaɓin ya sauka. Taɓa ta ka ji, jikin ya yi sanyi. Na ce maka ganyen gwandan nan zai yi aiki, kai kana ta min ilimi."

Ya taɓa. Sanyi kam akwai, har a tafin hannu. Shiuli na kwance a cikin gidan sauro, ta dunƙule, hannu a ciki. Shekararta goma sha tara, mai surutu ce da har maƙwabta ke ƙorafi, amma tun safe ba ta tsokani kowa ba.

"Abba, cikina na ciwo," ta ce. Ta ɗago ta tofa a tasa. Yawun ya fito ruwan hoda.

"Buroshi ne ya kurje ta," in ji uwar da sauri.

Motaleb ya tsaya yana kallon tasar. Shekara da shekaru ya yi yana koya wa yara cewa taswira ba ta da amfani in ma'auninta ya karkace, amma sai da ya ga yawun 'yarsa kafin kansa ya yi aiki. Tofazzal ya daina tauna pan tun ranar da matarsa ta rasu, ita ce mai naɗa masa. Ga audugar da ta ƙi bushewa. Ga tabbunan shuɗi da ya gani a ƙaurin Tofazzal jiya, lokacin da ya tattare zanen da mazan garin ke ɗaurawa zai tsallake ruwa.

Ya sauko ba takalmi.

Tofazzal na wanke kwalabe. Bai juyo ba.

"Bhai, tun yaushe kake murɗa abin nan?"

"Kullum ake murɗawa. Na'ura ce, tana zamewa."

"Zuwa wane gefe?"

"Wane irin wane gefe?"

"In tana zamewa, wata rana ai sama za ta yi, wata rana ƙasa. Kai wane gefe kake murɗawa?"

Ruwan famfo na ta zuba a kan kwalbar da ke hannunsa.

"Masta, kai dai ka tsaya a kan koguna da duwatsunka. Shekara talatin jinina bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba."

"Ban ce ya yi ƙarya ba. Cewa nake wataƙila gaskiya yake faɗa maka tun tuni. Mai awon yadi da kamun hannunsa, in hannun ya gajarce fa?"

Tofazzal ya rufe famfon. Ya daɗe yana share hannu da tsumma, yatsa bayan yatsa. Sannan ya je gaban na'urar ya sunkuya. A jikin maɓallin akwai ɗigon jan fenti da wanda ya kafa na'urar ya sa, alamar inda ya kamata ya tsaya. Maɓallin ya bar ɗigon nesa, duk ta gefe guda.

"Tun azumi," ya ce a hankali. "Kaɗan-kaɗan ne. Kowace safiya kaɗan."

"Me yake yi, maɓallin?"

"Shi ke faɗa mata wane zillo ne ya isa a ƙirga. In ka sauke shi sosai, sai ta ƙirga har ƙurar ruwa, har ƙugin wutar kanta." Ya nuna allon. "Ta ce duk ƙwayoyi ne."

Ya mayar da maɓallin kan jan ɗigon. Ya sa ragowar jinin Shiuli. Na'urar ta yi ƙugi. A kan allon, inda ƙananan tsinkayen suka saba yin cunkoso, sai ɗai-ɗai, kamar gonar da ambaliya ta bi ta kai.

Tofazzal ya juyo. "Ɗauke ta yanzu. Kada ka tsaya neman takalmi. Ka ce musu zazzaɓin ya sauka kuma cikinta na ciwo, za su gane."

"Naka fa? Sa naka mu gani."

"Nawa na gan shi da safe, kafin in murɗa. Tafi mana, Masta, ko sai na kira ka jaki?"

Mai keken haya mai ƙafa uku ya tura su cikin ruwa har gwiwa, Shiuli a kan cinyar uwarta, Motaleb na binsu a ƙasa yana riƙe da lema a kan ƙafafunta. A asibiti aka ba su tabarma a baranda, tsakanin wani tsoho da bokitin shara. Aka sa mata ruwa a jijiya. Likitan, wani yaro da bai kai ɗaliban Motaleb na ƙarshe shekaru ba, ya kalli sabon gwajin, ya kalli Motaleb, ya ce, "Kuna ina tun jiya?" Motaleb ya koma gefen 'yarsa. Ya zauna yana kallon inda allurar ta shiga hannunta, yana jiran ya ga ko jan zai bazu.

Da rana yakan dawo gida ɗaukar abinci. A nan ne ya ga abin da Tofazzal ya mayar da aikinsa. Ya ja ƙofar ɗakin gwajin ya rufe, ya ɗauki baƙar lemarsa, yana bin gidaje. Duk wanda ya gwada tun azumi yana kansa. Sai ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Ku je wani wuri a sake gwadawa. Na'urata ta yi kuskure, ni na sa ta." Wasu suka yi godiya don ba su gane ba. Wasu suka gane.

Motaleb ya iske shi a ƙofar Jobbar mai kifi, wanda mahaifiyarsa ta rasu a watan da ya wuce. Jobbar na tsaye da wuƙar fawa a hannu, ɓawon kifi har gwiwar hannu.

"Kai ka ce a bar ta a gida," in ji Jobbar. Bai ɗaga murya ba.

"Ni na ce."

"Da an kai ta, da ta rayu?"

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

Jobbar ya kalle shi, ya kalli jinin da ke gangarowa daga hancinsa zuwa gashin baki. Ya shiga ciki ya tura ƙofa.

Motaleb ya kama Tofazzal a kafaɗa. Ƙashi ne kawai a cikin rigar.

"Bhai, mu je asibiti. Akwai wuri kusa da tabarmarmu."

"Kusa da bokitin? An ba ni labari." Ya goge hanci da gefen zane. "Ya yarinyar?"

"Sun ce ya fara hawa."

"Na'urar wa ta ce?"

"Tasu."

"To." Ya gyara lemarsa. "Saura gidajen bayan masallaci. In na gama sai ka kai ni duk inda ka ga dama, ka yi min lacca a hanya."

Bai gama ba. Washegari da la'asar ya ce wa wata mata a bayan masallacin kansa na sarawa, ya nemi izinin zama a dakalinta. Ta shiga kawo masa ruwa. Kafin ta fito ya jingina da bango, lemar a buɗe a gefensa, tana tara ruwan sama.

Motaleb na cikin masu wankan gawar. Cikin gwiwar hannun Tofazzal duk tabon allura ne, tsoho a kan tsoho, har fatar ta yi kauri kamar ta tafin ƙafa. Mutanen lungun suka zo jana'iza da yawa, da waɗanda suka yafe da waɗanda ba su yanke shawara ba tukuna. Jobbar ya tsaya a sahun ƙarshe.

Ranar da aka sallami Shiuli rana ta fito. Ƙafafunta ba su da ƙarfin hawa bene a tashi ɗaya, sai Motaleb ya buɗe ɗakin gwajin, da yake makullin na hannunsa, ya zaunar da ita a kujerar da ake ɗibar jini. Ba wanda ya tuna ya kashe na'urar. Allon na nan kore, layi ɗaya a miƙe, maɓallin a kan jan ɗigonsa.

"Abba, wannan abin na min ƙaiƙayi," in ji Shiuli. Ta ɓare filastar da ke hannunta.

Motaleb ya karɓi audugar ya kai ta bakin taga. Fara ce, sai ɗigo ɗaya a tsakiya da ya riga ya bushe. Ya juya ta, ya sake juyawa. Sannan ya sake ta a cikin kwandon sharar, a kan jajayen da ba a zubar ba.