Maɓalli na Goma

Da hantsi, kujerun zauren otal suna kife kan tebura, ƙafafu a sama kamar matattun kyankyasai. Mai saita piyano ya gama bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ko guda ba ta kauce ba.

Taubashinsa ne ya sa aka kira shi. Shekara ashirin ke nan taubashin yana kaɗa wa ƙungiyar kiɗan jaz ta otal ɗin piyano. Taƙi ake ce masa, don hannunsa na hagu kan haɗa maɓalli na ɗaya da na goma a bugu guda, inda sauran makaɗa ke tsayawa a na takwas suna haki. Mako biyu ke nan kiɗan na fita da tsami, Taƙi kuwa ya rantse laifin piyano ne.

"Bawana, ɗan buga in ji," in ji mai saiti.

"Da wane kunnen? Wanda ko kiran matarka ba ya ji?"

Ya buga. Mai saiti bai saurara ba, ido ya zuba. Ƙaramin yatsan ya lanƙwashe ya ƙi miƙewa, babban ya kasa kaiwa, ya faɗa tsakanin na tara da na goma ya danne su tare.

Oga, shugaban ƙungiyar, ya ajiye ƙahonsa ya matso.

"Akwai wanda ke jiran kujerar nan. Faɗa mini gaskiya, piyano ne ko mutum?"

Taƙi ya zura hannun cikin aljihu. 'Ya'yansa huɗu ne, mai saiti ya san sunan kowa.

"Piyano ne, Oga. Zafi ya sassauta shi."

Mai saiti ya ɗora sifana ya sassauta waya, ya mayar da ita daidai inda take. Awa guda yana wannan, har da share gumi.

"Ya gyaru?" in ji Oga.

"Ras."

"Madalla. Gobe akwai biki. In na sake jin tsamin nan, ba ni da lokacin tantance maƙaryaci, ku biyun za ku kama gabanku."

A tashar bas Taƙi ya ce, "Ashe dai ka iya aiki, bawa."

Ba wanda ya yi dariya. Suna zaune, Taƙi ya baza yatsunsa kan benci, yana tura ƙaramin da ɗaya hannun. Mai saiti ya auna da ido, ya ga taƙin bai wuce maɓalli na tara ba. Sai ya juya yana duban ko bas na tafe.